Baƙi Ne, In Ji Yaya

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a tattara mu, wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Yaya ya riga mu. Ɗan wan mahaifina ne. Shi ya riƙo hannuna ina saurayi muka baro ƙauyenmu na arewacin Katsina, muka ratsa Barno da Wadai da Sudan a ƙasa, har Allah ya sauke mu Makka. Ya rasu bayan hajjin bana a gidansa na unguwar Utaibiyya, aka yi masa salla a Harami, aka kai shi makwancinsa.

Ba kuka ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da na gani a zaman makoki ne, wanda da Yaya zai ɗaga kai ya gani, da ya tofar da yawu ya koma ya kwanta.

An jera kujeru a lungu yadda ake yi a nan, daga magariba zuwa isha, ana zagayawa da gahawa. Tsofaffin da suka san shi ba su da yawa. Sun takure a gefe guda, ba abin da ke fita bakinsu sai "Allah ya jiƙansa." Sauran kujerun 'yan ƙwallo ne suka cika su, da masu bin 'yan ƙwallo, da masu bin masu bin su. Samari ne gashi ya sha mai, kowa yana gyara zaman hularsa. Ba don Yaya suka zo ba. Sun zo ne a gan su kusa da jikansa, ɗan 'yarsa, wanda shi ne ke zura ƙwallo a raga a ƙungiyar unguwarmu, wanda yanzu har unguwar Jarwal ana nuna shi da yatsa.

Na gabansu duka shugaban ƙungiyar ne, wani mai sayar da turare. Shekara da shekaru in ya hango Yaya sai ya tsallaka ɗaya gefen hanya, don ya san abin da zai ji. Sai ga shi tsaye a layin dangi, yana karɓar gaisuwa kamar shi aka yi wa mutuwa. Duk wanda ya miƙo masa hannu sai ya riƙe, ya ce da Larabci, "Marigayi ya yi shaida kafin ya cika. Ya ce yaranmu za su wanzu, ba za a manta da su ba." Har yana cewa zai sa a rubuta kalmar a ƙyalle a rataya a filin wasa.

Ina wurin aka yi maganar, don haka bari in faɗe ta yadda take. Ana saura kwanaki kaɗan Yaya ya rasu, shugaban ya zo dubiya, ya jawo jikan da wasu 'yan wasa biyu. Ya durƙusa bakin gado, ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma, ya kira shi baffa da Larabci: "Ya Ammi, kai ka san maza. Waɗannan ukun, za a tuna da su ko ba za a tuna ba?"

Yaya ya buɗe ido, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Baƙi ne."

Shugaban ya zabura yana tafa hannu. "Kun ji? Baƙi! Allahu akbar!" Shi ma shugaban, kakansa Bahaushe ne, amma Hausarsa ba ta wuce ta neman ƙarin tuwo ba. Da kunnen Larabci ya ji, a Larabci kuwa baƙi shi ne mai wanzuwa, wanda ba ya gushewa. Samarin ma haka suka ji, tunda duk a nan aka haife su. Suka rufar wa hannun Yaya suna sumbata. Yaya ya juyo da idonsa wajena, ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya yi tsaki. Wannan tsakin shi ne maganarsa ta ƙarshe da ni.

Hausa ya yi, ba Larabci ba. Baƙi, irin baƙon da ke zuwa a shimfiɗa masa tabarma, ya ci, ya sha, ya tafi, washegari a share wurin. Kuma abin takaici, bakunan da ke cewa a layin makoki wanzuwa ta Allah ce, su ne ke juyawa su raba wanzuwar ga masu harbin fata.

Ranar da aka fara zaman, 'yar Yaya, uwar jikan, ta sa aka kira ni zaure. Ta ce, "Baffa, ina bayan labule, na ji abin da Baba ya ce, kuma na san abin da yake nufi. Don Allah ka bar shi a haka."

Na ce, "In bar ƙarya a kan mahaifinki ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba?"

Ta ce, "Tun yaron nan yana rarrafe bai taɓa jin yabo daga bakin kakansa ba. Guda ɗaya ya samu, ko da na kuskure ne. Kada ka ƙwace masa. Baba ya tafi, Baffa. Wannan shi ne a raye."

Ban ce mata to ba, ban ce a'a ba. Na koma kujerata ina jin mai turare yana ta maimaita shaidarsa.

Wanda bai san Yaya ba zai ce wane ne shi da har ake neman hukuncinsa. Ɗan kokawa ne. Kafin mu baro gida, daga kaka zuwa kaka babu dandalin da bai shiga ba a ƙasarmu. A Sudan, da muka tsaya aikin auduga don neman guzuri, ya kama da ƙartin Nuba, suka san shi ya san su. Da muka iso Makka ya shiga ɗaukar shibiriyya, gadon katakon nan da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a kai, ƙarti su ɗauka a yi ɗawafi da su. Wuyansa kamar turmi. Da gwiwoyi suka ƙi, sai ya koma zaman wani gidan gahawa a unguwar Rusaifa, a kan doguwar kujerar igiya, daidai inda ake hango filin da samari ke wasa. Daga kan kujerar nan ya yi shekaru yana yanke hukunci, ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya iya sauke shi.

Maza a wurinsa iri biyu ne kawai, baƙi da masu gida. Mutumin Makka ba ya bukatar a yi masa bayanin baƙo. Kowace shekara gari yana cika har ba wurin sa ƙafa, bayan wata guda ka nemi mutum ka rasa. Yaya yakan ce haka yin suna yake. In aka tambaye shi yadda ake gane mai gida, sai ya ce, "Kada ka tambayi masu tafi. Masu tafi, ko akuya ce ta shigo fili a guje, tafa mata za su yi. Je ka tambayi wanda aka kayar. In ya tsufa, haƙora sun zube, yana ba jikokinsa labarin yadda aka maka shi da ƙasa, kuma yana ba da labarin da murmushi, to wanda ya maka shi mai gida ne."

Shi kansa labarin da ya fi so shi ne na ranar da aka kayar da shi. Wani gajeren maƙeri ne a wata kasuwar Damagaram. Yaya ya raina shi, ya shiga fili yana dariya. "Ban san lokacin da ya shigo ƙarƙashina ba," in ji shi. "Na dai ga sama a inda ƙasa take." Na ji wannan labari har na haddace inda yake tsayawa ya kurɓi shayi. Na waɗanda ya kayar kuwa, sai an matsa masa, kuma a gajarce yake yankewa. Na taɓa ce masa, "To kai fa, Yaya, wane ɓangare kake?" Ya ce, "Baƙo mana. Ka taɓa jin wani tsoho a Katsina yana murmushi saboda ni?" Raininsa bai tsallake kowa ba, har mai shi.

Ƙwallo kuwa tun daga sunanta ya fara raina ta. Larabawa kura suke ce mata. Yakan ce, "Mu a garinmu kura gudunta ake yi. Nan ga ƙarti da gajeren wando suna bin ta a baya." Amma bai taɓa fashin kallo ba, kuma idonsa ba ya kuskure. Aka ce masa wane ya iya gudu, ya ce, "Ɓarawon takalma a ƙofar masallaci ma ya iya." Aka kawo masa labarin wani da hotonsa ya fito a jarida, ya ce, "Na gan shi. Jiya na sayi ta'amiyya, ƙosan nan nasu, a naɗe da fuskarsa, duk mai ya ɓata masa hanci." In ɗan wasa ya faɗi yana birgima don a tausaya masa, sai Yaya ya kira mai shayi: "Kai, kai masa zani, naƙuda ce ta kama shi."

Ni na fi shi yawo, ko da yake shi ya fi ni gani. Na yi aikin tafinta da na tuƙi a ƙasashe, duk inda na dawo sai in zo in zube masa abin da na gano. A Alƙahira na ga an ɗauki wani ɗan ƙwallo a kafaɗa an zaga da shi unguwa. Da na koma bayan wasu shekaru, na same shi yana yaga tikiti a ƙofar silima, mutane na wucewa ba mai ko dubansa. A Karaci na ga 'yan kokawa da ake ɗura wa madara da man shanu kamar ragunan layya. Duk bai ɗaga masa gira ba. Labarin da ya sa ya gyara zama shi ne na Amirkawan da na yi wa tuƙi a gabas, wajen rijiyoyin mai.

Suna da wani wasa, besbol suke ce masa. Ɗaya ya jefo 'yar ƙwallo mai tauri kamar dutse, ɗaya ya make ta da kulki ya ruga a guje. Na yi wata da watanni ban ga kansa ba. Abin da na fahimta da wuri shi ne gardamar da ke biyo baya, don irin tamu ce sak. Injiniyoyi masu furfura za su zauna suna jayayya har wuyansu ya yi ja, a kan wane cikin 'yan wasansu na yanzu zai shiga sahun manya na har abada. Suka gaya mini wai a ƙasarsu har gida aka gina, inda ake kafa siffar duk wanda aka yarda ya isa.

Yaya ya ce, "Gida suka gina wa suna? Sunan da sai an yi masa rufi da ƙofa, ai ba shi da lafiya."

Na ce, "Amma ba sa shigar da mutum yana kan wasa. Sai ya ajiye kulkin, an yi shekaru, ƙura ta lafa, sannan a zauna a duba."

Ya juya kofinsa. Ya ce, "Wannan kam da hankali a ciki. Ashe ba duka ne mahaukata ba." A iya sanina wannan ne yabo mafi tsawo da wata al'umma ta taɓa samu daga gare shi.

Rigimarsa da jikan ta samo asali ne ranar da ƙungiyarmu ta yi wa wata ƙungiyar unguwar Misfala ruwan ƙwallaye, yawancinsu kuma da ƙafar jikan. Aka ɗauko shi a kafaɗa har gaban kujerar Yaya. Ya sauko yana haki, yana dariya, ya ce, "Ya Sidi, yau fa?" Sidi yake ce masa, yadda 'ya'yan Makka ke kiran kakanninsu.

Yaya ya ce, "Yau ka ci marasa lafiya. Mai tsaron ragarsu kamar an shafa wa hannunsa man shanu."

"Kai ka taɓa buga kura, tsoho?"

"Ni ƙarti nake bugawa da ƙasa, ba fatar akuya mai iska a ciki ba."

Jama'a suka kwashe da dariya, ana tsammanin wasan jika da kaka ne. Sai Yaya ya ci gaba, ba dariya a fuskarsa: "Ƙafarka ta hagu ta ado ce. Kuma ranar da ake cin ku, ina kake shiga? Makon jiya na neme ka a fili ban gan ka ba. Na ɗauka aikenka aka yi."

Fuskar saurayin ta canza. Ya ce, "Wallahi ba ka so na."

Yaya ya ce, "Da ba na son ka, da tafi na yi maka."

Har azumin shekarar ya fita jikan bai sha ruwa a gidan kakansa ba. Uwarsa ta yi kuka, ni na yi zarya tsakani. Yaya bai janye ko harafi ba. Amma na lura kullum in an kawo abin buɗa baki, sai ya ture wani kaso gefe ya rufe da faifai, ba ya cewa na wane ne.

Mai tsaron ragar nan da ya yi wa ba'a, maraya ne, cikin Hausawan da suka biyo ta Cadi. A ranar 'yan unguwarsu suka jefe shi da ɓawon kankana. Washegari Yaya ya aika aka kira shi, ya ja shi can wajen Kudai inda rairayi yake, ya ce, "Tsoron ƙasa kake yi, shi ya sa ƙwallo ke wuce ka. Zo in koya maka faɗuwa." Na bi su don in ga ikon Allah. Tsoho mai ciwon gwiwa yana jefa kansa a rairayi, ta dama, ta hagu, yana tashi yana zagin saurayin, yana sake faɗuwa. Ya yi kwanaki ba ya iya sujada sai a zaune. Bayan shekara biyu babu mai tsaron raga kamar wannan maraya a Makka. Na ce wa Yaya, "To wannan fa?" Ya ce, "In ya daɗe, wataƙila a bar shi ya kwana a zaure." Marayan nan ne ya shiga kabari ya karɓi Yaya, kuma a makoki cikin tsofaffi ya zauna.

In an tambaye ni, hukuncin Yaya a kan ukun nan daidai ne. Ɗaya gudu ne kawai gare shi, gudu kuwa shekaru ke cinye shi. Na biyu ya fara ajiye tumbi tun kafin ya ajiye iyali. Jikan ya fi su, kowa ya sani, amma har yau ban ji wani da jikan ya ci yana ba da labarinsa da daɗi ba. Sai dai gaskiyar hukunci daban, a dubi idon wanda aka yi wa mutuwa a faɗa masa daban. Na kwana biyu ina juya maganar uwarsa, har na fara karkata ga yin shiru.

Ranar ƙarshe ta zaman, bayan la'asar, ana jera kujeru mutane ba su fara zuwa ba, sai jikan ya zo ya tsuguna gabana. Hausarsa a karye take, yana cike giɓin da Larabci.

Ya ce, "Ya Sidi ƙarami, ina da tambaya. Sidi da wane harshe yake zagina?"

Na ce, "Da Hausa."

"Kullum?"

"Kullum. Ya ce zagin Larabci ba ya shiga jiki."

"To yabo fa? Don me zai yi shi da Larabci?"

Na dubi ƙofar gida. Labulen zaure ya motsa, na san uwarsa na tsaye a bayansa. Na dubi saurayin. Ba yaro ne ya tambaye ni ba, kuma ba ni na je na same shi ba.

Na ce, "Ba Larabci ya yi ba. Alhazan da kuke saukewa a ɗakin sama lokacin hajji, me uwarka take ce musu?"

Ya ce, "Baƙi." Ya tsaya. Ya sake cewa a hankali, "Baƙi."

Sai ya fashe da dariya, irin wadda ke naɗe mutum, har ya dafa ƙasa. "Yana mutuwa ma bai fasa ba! Muna sumbatar hannunsa yana korarmu!" Dariyar ba ta ƙare ba ta juye kuka. Ya kifa kansa a gwiwata, ƙaton saurayi, kafaɗunsa na rawa. Da ya sami magana ya ce, "Tun ranar nan nake ji kamar wani tsoho daban muka binne, wani mai daɗin baki da ban sani ba. Na kasa yi masa kuka. Yanzu na san Sidi ne ya mutu."

Da aka yi magariba lungu ya cika, mai turare ya shiga layin dangi, ya kama hannun mutum na farko, ya fara: "Marigayi ya yi shaida kafin ya cika..."

Jikan ya dafa kafaɗarsa, ya ce da Larabci, da ƙarfi yadda har na kujerun baya suka ji, "Ya Ammi, bar maganar nan, kuma kada ka sayi ƙyalle. Hausa ya yi. Cewa ya yi mu baƙi ne, mu sha gahawa mu kama hanya."

Tsofaffin da ke gefe, waɗanda tun farkon zaman ba su ɗaga kai ba, suka fara rufe baki da gefen rawani. Ɗaya ya kasa riƙewa. Mai turare ya saki hannun da ya kama, ya nemi kujera can baya, bai kai isha ba ya sulale.

'Yar Yaya har yanzu in na yi sallama a gidan, daga bayan labule take amsawa, a gajarce. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa abin da harshensa ya yanka, ya saka masa da abin da wuyansa ya ɗauka. Ita kuma Allah ya ba ta haƙurin rashinsa, ya ba ta haƙuri da ni.